Suna Ɗaya, Hannu Da Yawa: Tarihin Ƙoƙarin Gane Mai Aiki a Rumbun Bayanai

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata matsala wadda ta daɗe tana damun masu aiki da kwamfuta, fiye da shekara sittin ke nan, watau yadda za a gane mutumin da ya aikata wani abu a cikin rumbun bayanai alhali kuwa mutane da yawa ne suke shiga rumbun da suna guda. Abin da muke nufi da rumbun bayanai shi ne manhajar nan da ake tara bayanai a cikinta bisa tsari, kamar lissafin kuɗin banki, ko sunayen marasa lafiya a asibiti, ko makin ɗalibai a makaranta, ta yadda za a iya nema a samu, a ƙara, a gyara, ko a share. Sunan shiga kuwa shi ne sunan da mai aiki yake gabatarwa a ƙofa, tare da kalmar sirri, kafin na'ura ta buɗe masa. Idan mutum biyu ko fiye suka haɗu a kan suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, shi ne muka kira sunan shiga na tarayya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga malaman da ke wannan taro. Galibinmu mun san irin ofishin jarrabawar nan inda akawu huɗu ko biyar suke shigar da maki da suna ɗaya, an rubuta kalmar sirrin a 'yar takarda an manna a jikin tebur. Ran da aka ga maki 38 ya koma 83 sai a kafa kwamiti, kwamiti ya tambayi na'ura, ita kuwa ta ba da amsar da ta sani, cewa sunan ofis ne ya yi gyaran. Kowa ya rantse, a rufe fayil, ko kuwa a ɗora wa ƙaramin cikinsu.

Abin da muke so mu nuna shi ne, na'ura ba ta taɓa sanin mutum ba, suna kaɗai ta sani. An yi wajen shekara ashirin ana fama kafin a ɗaure sunan da mutum guda, sa'an nan aka zo aka kwance ɗaurin da gangan saboda tsimi da neman sauri, kuma tun daga lokacin ake ta faci. Da yake yawancin abubuwan a Amurka da Ingila suka auku, can za mu tsaya.

2.0 Asalin Sunan Shiga

A shekarun 1950 wannan tambaya ba ta taso ba, domin a lokacin ba a shiga kwamfuta, kai mata aiki ake yi. Mai bukata yakan shirya aikinsa a kan katuna masu huji, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin na'ura ta taga, ya tafi abinsa, ya komo bayan sa'o'i ko kashegari ya karɓi sakamako. A saman katunan akwai guda mai ɗauke da lambar asusun da za a cire wa kuɗin aikin. Ya kamata mu lura da wannan tun da wuri: lambar farko da aka jingina wa mai aiki da kwamfuta don a san wanda zai biya aka yi ta. Ganewa kuwa aikin ido ne, ma'aikacin taga ya san fuskokin masu zuwa.

Al'amarin ya sake ne a Cibiyar Fasaha ta Masacusets, wadda aka fi sani da MIT. A watan Nuwamba na 1961 Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gwada wani tsari mai suna CTSS a kan kwamfutar IBM 709. Tsari ne na karɓa-karɓa: mutane da dama suna zaune, kowa a gaban tasa na'urar bugawa, kwamfuta ɗaya tana kewaya su da sauri har kowa ya zaci shi kaɗai take yi wa aiki. Da taga ta kau, ido ma ya kau. Saboda haka a cikin 'yan shekarun farko na tsarin aka ba kowa suna da kalmar sirri, don a tsare masa fayilolinsa, a kuma ƙidaya masa sa'o'insa.

Ba a daɗe ba aka ga iyakar dabarar. Wani ɗalibin digiri na uku, Allan Scherr, an ware masa sa'a huɗu a mako, ba su kuwa ishe shi binciken da yake yi ba. Ya gano cewa kowa yana iya rubuta buƙata a kati don a buga masa fayil a takarda, sai ya nemi a buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin jama'a duka. Aka buga, ya zo ya ɗauka. Shi da kansa ya bayyana haka bayan shekaru masu yawa. Abin da ya fi jan hankalinmu a labarin shi ne abin da ya yi daga baya: ya rarraba wa waɗansu abokansa kalmomin, don kada laifin ya tsaya a kansa shi kaɗai. Ke nan tun ranar farko an gane cewa idan hannu ya yi yawa a kan suna ɗaya, alhaki yakan ɓace a tsakani.

Abu na biyu ya faru wajen tsakiyar shekarun 1960, kuma Corbató ya ba da labarinsa a laccar da ya yi bayan an ba shi lambar yabo ta Turing ta 1990. An gina CTSS ne bisa zaton mutum ɗaya ne zai kasance a cikin ma'ajiyar fayiloli ɗaya a lokaci guda. To, amma masu kula da tsarin sun yi wa kansu rangwame, suna tarayya a ma'ajiya guda. Wata rana ɗaya yana gyara fayil ɗin kalmomin sirri, ɗaya kuma yana gyara sanarwar da ake nuna wa kowa idan ya shigo. Manhajar gyaran rubutun ta cakuɗa ayyukan biyu, aka wayi gari duk wanda ya shigo sai a tarbe shi da jerin kalmomin sirrin mutane a maimakon sanarwa. Waɗanda suka kafa dokar mutum ɗaya suna ɗaya su ne suka fara karya ta, domin sauƙin aikinsu.

3.0 Sojoji da Littafi Mai Ruwan Goro

Waɗanda suka ɗauki zancen da muhimmanci su ne sojojin Amurka, don su ke da asirin da za su yi hasara. A watan Fabrairu na 1970 wani kwamiti ƙarƙashin Willis Ware na cibiyar RAND ya miƙa wa Ma'aikatar Tsaro rahoto a kan haɗarin da ke cikin kwamfutocin tarayya. James Anderson ya biyo da nasa a 1972, ya kuma rubuta wani a 1980 wanda ya fi shafar batunmu. A cikin na 1980 ya kasa masu ɓarna na cikin gida kashi uku: mai ɓad-da-kama, wanda ya shiga da sunan wani, ma'aikaci na halal wanda ya yi amfani da izininsa ta hanyar da ba ta dace ba, da kuma mai aiki a ɓoye, wanda ya sami iko har rajistar da ke rubuta ayyuka ba ta ganinsa. Game da mai ɓad-da-kama Anderson ya kawo shawara mai ma'ana. Tun da yake suna ba zai tona shi ba, sai a dubi ɗabi'a: lokacin da mai sunan ya saba shiga, da wurin da ya saba shigowa, da yawan abin da ya saba taɓawa. Kamar dai yadda malami yakan gane ba ɗalibinsa ne ya yi aikin gida ba, ko da sunansa ne a saman takarda.

Waɗannan rahotanni su suka haifar da ƙa'idojin da Ma'aikatar Tsaro ta buga a watan Agusta na 1983, ta sabunta a Disamba na 1985, waɗanda aka yi wa laƙabi da Littafi Mai Ruwan Goro saboda launin bangonsa. Littafin ya jera matakan aminci daga D, mafi ƙasƙanci, zuwa A1. Iyakar da ta shafe mu tana tsakanin C1 da C2. A matakin C1 an ɗauka masu aiki abokan juna ne masu haɗin kai. A matakin C2 kuwa wajibi ne na'ura ta iya bambanta kowane mutum shi kaɗai, ta kuma jingina masa duk aikin da ya yi a cikin rajistar da ba zai iya taɓawa ba. A 1987 gwamnatin Amurka ta ba da umarni cewa kwamfutocinta na tarayya masu ɗauke da bayanai masu muhimmanci su kai wannan mataki nan da 1992. A takarda dai, an gama magana.

4.0 Sunan Da Ya Fi Kowa, da Santi 75

A aikace kuwa akwai suna guda da ya gagari ƙa'ida. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan binciken kamfanin Bell a 1969, akwai suna mai lamba sifiri da ake kira root. Mai wannan suna ba a tambayarsa izini a ko'ina, yana iya karanta kome, ya share kome, har da rajistar da ta rubuta abin da ya yi. Da yake kula da manyan na'urori ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai root ya zama sunan tarayya na masu kulawa. Wajen 1980 Bob Coggeshall da Cliff Spencer na Jami'ar Jihar New York da ke Buffalo suka rubuta wata 'yar manhaja, sudo, wadda ke ara wa mutum ikon root don umarni guda ba tare da an ba shi kalmar sirrin ba. A siffofinta na baya tana rubuta sunan wanda ya ara da abin da ya umarta. Wannan dabara ta aro da shaida za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Labarin da ya fi nuna yadda ake gano mutum a bayan suna shi ne na Clifford Stoll, wani masanin taurari da aka mayar sashen kwamfuta a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya. A watan Agusta na 1986 aka ba shi aikin gano dalilin da ya sa lissafin kuɗin amfani da na'ura ya saɓa da santi 75 na dala. Ɗakin yana da hanyoyin lissafi biyu, kowace tana rubuta nata, sai suka ƙi daidaituwa. Da ya tona sai ya iske wani suna wanda ba shi da adireshin da za a aika wa takardar biya. Daga baya ya ga sunan wani ma'aikaci yana aiki, alhali mai sunan yana Ingila. Wani ne daga waje ya sami ikon root, yana sa sunan da ya ga dama kamar riga.

Stoll bai tsaya ga rajistar na'urar ba, tun da yake ɓarawon yana iya gyara ta. Ya tattaro na'urorin buga takarda wajen hamsin ya jona su a layukan wayar da ke shigowa, suna rubuta kome a inda hannun mutumin ba ya kaiwa. An ɗauki wajen wata goma ana bin layi, daga kamfanin waya zuwa kamfanin waya, har aka tsallaka teku aka isa birnin Hanover a Jamus ta Yamma, wurin wani mai suna Markus Hess, wanda shi da abokansa suke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat abin da suka samo. Kotu ta same shi da laifi a 1990. Darasi biyu suka fito a nan waɗanda masu bincike suka riƙe: shaida tana fitowa ne idan aka gwama rajista biyu masu zaman kansu, kuma ɗaya daga ciki ta kasance inda wanda ake zargi ba shi da iko. Haka nan kuma lissafin kuɗi ne ya tona asirin, abin da aka fara ƙirƙiro lamba dominsa.

5.0 Rumbun Bayanai da Guga Ɗaya

Yanzu sai mu koma ga rumbun bayanai kansa. Irin wanda ya game duniya ya samo asali daga takardar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya buga a 1970, inda ya kawo shawarar a jera bayanai cikin jadawali masu dangantaka da juna. Masu binciken IBM a San Jose suka gina samfurinsa, System R, kuma a 1976 biyu daga cikinsu, Patricia Griffiths da Bradford Wade, suka bayyana yadda za a raba izini a cikinsa. Wanda ya ƙirƙiri jadawali shi ne mai shi. Yana iya bai wa wani izinin karantawa ko gyarawa, yana iya janyewa, rumbun kuma yana riƙe da salsalar wanda ya bai wa wa, da lokacin da ya bayar. Dukan wannan gini ya dogara ne a kan zato guda, cewa kowane suna mutum ɗaya ne.

Zaton ya yi aiki daidai gwargwado a shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da ma'aikata ɗari ko ɗari biyu na kamfani suke shiga rumbu kai tsaye daga teburansu, kowa da sunansa. Mun ce daidai gwargwado domin sakaci bai taɓa ƙarewa ba. Rumbun Oracle, wanda aka fara sayarwa a 1979, ya daɗe yana zuwa da wani sunan gwaji, SCOTT, mai kalmar sirri TIGER, wanda kusan duk mai sana'ar a duniya ya haddace. Rumbun SQL Server na Microsoft yana da babban suna, sa, wanda da yawa sukan bari ba kalmar sirri sam, har a watan Mayu na 2002 wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, Spida, ta bi ta wannan ƙofa ta shiga na'urori masu yawa.

Sai dai wannan sakaci ne. Abin da ya zo da yanar gizo a tsakiyar shekarun 1990 kuwa shawara ce da injiniyoyi suka yanke da idonsu biyu. Buɗe layi tsakanin manhaja da rumbu yana cin lokaci da ƙarfin na'ura: a tantance suna, a ware wuri, a shirya. Idan masu shigowa dubbai ne a cikin sa'a, kowa kuma ɗan taƙaitaccen abu yake so, to, buɗe wa kowa nasa layi zai durƙusar da rumbun. Bugu da ƙari waɗansu kamfanonin rumbu bisa yawan sunaye suke sayar da lasin. Saboda haka aka sa manhaja a tsakani. Mutum yana gabatar da sunansa ga manhajar, ita kuwa ta riga ta buɗe layuka ashirin ko hamsin zuwa rumbu da sunanta guda ɗaya, ta ajiye su. Duk wanda ya zo a ara masa ɗaya na ƙiftawar ido, ya gama a mayar, na bayansa ya ɗauka. Guga ɗaya ke nan a bakin rijiya. Rijiya ta san guga, ba ta san mai ja ba.

A ganinmu bai kamata a kira wannan shawara wauta ba. Ba don ita ba da harkar banki da ciniki ta intanet ba su yiwu da kuɗin da aka yi su ba. Inda aka gaza shi ne ba a tanadi hanyar da sunan mutum zai bi guga ya isa rijiya ba. Rajistar rumbu, wadda aka sha wahalar ginawa bisa ƙa'idar C2, ta ci gaba da rubuta kome dalla-dalla, amma suna ɗaya take maimaitawa daga sama har ƙasa.

6.0 Dokoki da Faci

Doka ce ta tilasta aka waiwayo. A Amurka dokar HIPAA ta 1996 ta shafi bayanan marasa lafiya, ƙa'idojinta na tsaro da aka buga a 2003 kuma suka wajabta a ba kowane mai aiki suna ko lamba tasa ta kansa. Bayan rushewar kamfanonin Enron da WorldCom aka kafa dokar Sarbanes da Oxley a watan Yuli na 2002, wadda ta sa shugabannin kamfani su sa hannu cewa hanyoyin kula da lissafinsu ingantattu ne. Daga nan masu binciken kuɗi suka fara tambayar da ba a saba ji ba: wa ya canza wannan adadi? A Disamba na 2004 kamfanonin katin biyan kuɗi, irin su Visa da Mastercard, suka fitar da ƙa'idojinsu na bai ɗaya, sharaɗi na takwas a ciki shi ne kowa da nasa suna.

Masu ƙera rumbu suka amsa ta hanyoyi dabam-dabam. Oracle ta kawo shiga ta wakilci a 1999: manhaja tana shiga da nata suna amma a madadin wane, rumbu ya rubuta sunayen biyu, wakili da wanda aka wakilta. Dabarar sudo ce aka juya. PostgreSQL ta ba da damar sauya muƙami a kan layi guda a 2005. Hanyar da ta fi yaɗuwa kuwa, saboda araharta, ita ce ta liƙa alama: duk lokacin da aka ara wa mutum layi, manhaja ta rubuta sunansa a wani ɗan gurbi da rumbu ya tanada. SQL Server ta tanadi irin wannan gurbi a fitowarta ta 2000 ta faɗaɗa shi a 2016, Oracle kuma ta kawo nata a 2001.

Alamar nan tana da rauni biyu da ya kamata mai bincike ya sani. Na farko, rumbu ba ya tantance ta, abin da ɗan aike ya faɗa shi yake rubutawa. Duk wanda ya mallaki kalmar sirrin manhajar yana iya shiga ta bayan gida ya liƙa sunan wanda ya so. Na biyu, idan mai rubuta manhaja ya manta bai sa a share alamar ba kafin a mayar da layi, na baya zai yi aikinsa da sunan na gaba. Inda ba a yi ko ɗaya daga waɗannan ba, abin da ya rage shi ne hanyar Stoll, watau a ɗauko rajistar manhaja da ta rumbu da ta hanyar sadarwa a gwama su bisa lokaci. Wannan kuwa sai agogon na'urorin sun daidaita, sai kuma ba a share tsofaffin rajistoci don neman wuri ba.

7.0 Shari'u Biyu

Kotu ita ce inda ake gwada ƙarfin waɗannan abubuwa, saboda haka za mu kawo shari'u biyu.

Ran 4 ga Maris 2002, daidai lokacin buɗe kasuwar hannun jari, wata manhajar ɓarna da aka dasa ta tashi a kamfanin UBS PaineWebber na Amurka, ta share fayiloli a na'urori fiye da 1,000 a rassansa. Gyaran ya ci fiye da dala miliyan 3. Aka tuhumi wani mai kula da na'urorin, wanda ya bar aiki 'yan kwanaki kafin nan yana fushi da ƙarancin ladan ƙarshen shekara, ya kuma zuba kuɗi a kasuwa bisa fatan hannun jarin kamfanin zai faɗi. A shari'ar da aka yi a Newark a 2006 lauyoyinsa suka tsaya a kan hujja guda mai ƙarfi: root ne ya dasa manhajar, ma'aikata da yawa kuwa suna da ikon root, to, ta yaya za a ce wane ne? In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma lalle tsarin kamfanin yana da wari. Masu gabatar da ƙara suka bi hanyar gwama rajistoci. Ta ƙofar da ma'aikata suke shigowa daga gida ta nuna sunansa da layin gidansa. Ta sauya suna ta nuna lokacin da ya koma root. Lokutan suka dace da lokacin da aka taɓa fayilolin ɓarnar. Aka kuma sami kofen manhajar a gidansa. Aka yanke masa ɗaurin wata 97 a Disamba na 2006. A lura, da a ce waɗannan rajistoci na gefe ba su nan, da hujjar lauyoyinsa ta yi wuyar karyawa.

Shari'a ta biyu ita ce ta fi tayar da hankali, domin a cikinta suna bai ɓace ba, suna ya bayyana sarai, sai dai ba lalle ne na mai aikin ba. A 1999 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fara aiki da wani tsarin lissafi, Horizon, wanda kamfanin ICL, mallakar Fujitsu, ya gina. Ƙananan gidajen waya a ƙasar wakilai ne suke riƙe da su, galibi masu kantuna a ƙauyuka da unguwanni, hukumar kuma a wancan lokaci tana ɗora musu biyan duk giɓin da lissafi ya nuna. Na'ura ta riƙa nuna giɓi inda babu. Tsakanin 1999 da 2015 aka gurfanar da mutane fiye da 900 bisa zargin sata ko lissafin ƙarya, wajen 700 daga ciki hukumar da kanta ta shigar da ƙara. Waɗansu suka sayar da gidajensu suka biya, waɗansu suka shiga kurkuku, har da wata mai juna biyu a 2010.

Ginshiƙin tuhumar shi ne cewa ba wanda yake iya taɓa lissafin reshe sai wakilin da ma'aikatansa, tun da yake sunayensu ne a rajista. Hukumar ta daɗe tana nanata haka, har zuwa 2015. To, amma wani tsohon ma'aikacin Fujitsu, Richard Roll, ya bayyana cewa injiniyoyi a ofishin kamfanin da ke Bracknell suna iya shiga daga nesa su saka ciniki a lissafin reshe, ya fito kamar daga teburin reshen aka yi shi. Wakilai 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara Babbar Kotu. A hukuncin da Mai Shari'a Fraser ya yanke ran 16 ga Disamba 2019 ya tabbatar da cewa tsarin yana da kurakurai masu iya haifar da giɓi, cewa shiga daga nesa gaskiya ce, kuma rajistar abin da masu babban izini suke yi ba ta wadatar ba.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba a tabbatar da cewa hannun injiniyoyi ne ya haddasa kowane giɓi ba. Kurakuran manhajar su ne kan gaba. Amma wannan bai rage nauyin batunmu ba. Wakilin da aka tsayar gaban alƙali ba shi da hanyar nuna cewa ba shi ne ya buga abin da ke ƙarƙashin sunan reshensa ba, masu tuhumarsa su ma ba su da cikakkiyar hanyar nuna cewa shi ne, amma aka ɗaure shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ran 23 ga Afrilu 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a zama ɗaya, a watan Mayu na 2024 kuma Majalisar Dokoki ta kafa doka ta musamman wadda ta soke ɗaruruwan da suka rage.

Akwai wani ɓangare na dokar Ingila da ya sauƙaƙa wannan ta'asa. Sashe na 69 na dokar shaida ta 1984 ya wajabta wa mai kawo shaidar kwamfuta a shari'ar laifi ya nuna cewa na'urar tana aiki daidai. Hukumar Gyaran Dokoki ta ba da shawarar a soke shi a 1997, aka kuwa soke da dokar 1999, shekarar da Horizon ya fara aiki. Daga nan kotu ta koma ɗaukar cewa na'ura daidai take sai in wanda ake tuhuma ya kawo dalilin shakka, shi kuwa ba shi ne ke riƙe da rajistocin ba. A watan Janairu na 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta nemi masana da lauyoyi su kawo mata hujjoji a kan ko ya kamata a sake duba wannan zato.